Maganin sida kyauta ne, to kuɗin mota fa?

In mata sun zauna zubi, babu maganar da ba ta hawa tabarma: tsadar hatsi, kuɗin taki, bikin ɗiyar wance, akuyar da ta mutu da bashi a wuyanta. Magana ɗaya ce ba a yi a fili, sai an koma bayan ɗaki an rage murya, ita ce maganar sida. Amma duk ma'ajiyar da ta daɗe tana riƙon akwati ta san cewa doguwar jinya a lissafi take fara nuna kanta. Mace mai zubi a kan kari sai ta fara tsallake mako. Ta ɗauki bashin saro gyaɗa, kuɗin ya tafi wajen magani. Ta aiko ɗiyarta da zubi sau biyu, sau uku, daga nan shiru. Ko ita ce ba lafiya, ko maigida ne kwance tana jinya.

Yau sida ba hukuncin kisa ba ce. Akwai magani, kuma a likitocin gwamnati a Nijar ba a sayar da shi. Duk da haka ana rasa mata, gidaje na talaucewa. Dalilin yana cikin ƙananan kuɗaɗen da ke kewaye da maganin, da kuma bakin mutane. Waɗannan biyun kuwa asusun mata na da ta cewa a kansu fiye da kowa.

Inda aka kwana a ƙasarmu

A shekarar 1987 aka fara tabbatar da cutar a Nijar, a Arlit, garin ma'adinai. Binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2006 ya nuna cewa cikin manya 1000, mutum 7 ke ɗauke da ƙwayar cutar. Na 2012 ya nuna sun ragu zuwa 4 cikin 1000. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarun nan yana kewayen mutum dubu 30 a ƙasar baki ɗaya. In aka gwada da ƙasashen kudancin Afirka, inda a Eswatini wajen mutum ɗaya cikin manya huɗu ke da ita, za a ce mun gode Allah.

Sai dai ƙarancin nan yana da nasa nauyi. Inda cuta ta yi yawa, kowane gida ya san ta, an daina nuna yatsa. Inda ta yi kaɗan, mai ita yana jin shi kaɗai ne a duniya, sai ya ɓoye har ta ci ƙarfinsa. Har yanzu a garuruwanmu akwai masu kiranta “kabari salamu alaikum”, sunan da aka laƙaba mata tun zamanin da babu magani. Wadda ta ji ana wannan raha a wajen biki, yaushe za ta yarda ta miƙa hannu a auna jininta?

Kuma mu mutanen tafiya ne. Mazan Adar na zuwa bida Abijan, na Maraɗi da Damagaram na sauka Kano da Legas, wasu na haura Libiya da Aljeriya, wasu suna wuraren haƙar zinariya a arewa. Neman halal ne, shi ke ciyar da gidaje da yawa. Amma miji da mata su yi wata takwas ko shekara biyu ba su ga juna ba, a dawo ba a yi awo ba, nan ne ƙofar take. A gidan da ake da mata biyu ko uku, abin da ya shiga ɗaki ɗaya yana iya zagaya sauran.

Yadda ciwon ke cin gida

Ƙwayar cutar, wadda ma'aikatan lafiya ke kira VIH, tana iya yin shekaru a jiki mutum yana noma, yana kasuwa, ba alamar komai. A hankali take karya garkuwar jiki. In garkuwa ta faɗi, cututtuka su yi ta shigowa: zawo mai tsawo, zazzaɓin da ba ya jin magani, ƙuraje, rama, da tarin fuka, wanda shi ne ya fi kashe masu ɗauke da ita a duniya. Wannan matakin ne ake kira sida.

Zazzaɓin cizon sauro ya fi ɗaukar yara ƙanana. Ita kuwa sida masu ƙarfi take kayarwa, masu shekara 20 zuwa 50, waɗanda ke riƙe da hauya da jari. Shi ya sa ɓarnarta a tattalin gida ta fi adadin masu ita.

Kusan hanya ɗaya dukiya ke bi ta fita. Da farko kuɗin hannu: ƙwayoyi daga mai tebur, allura, ƙarin ruwa. Ba sauƙi, sai a ce sammu ne ko jifa, a tafi wajen mai magani da zakara da turare da kuɗin mota. Daga nan a kama akuya. Sai rago na turka da aka yi niyyar sayarwa da babbar salla, a sayar da shi da rani a wulaƙance. Sai kwanonin jere da zannuwan cikin akwati. Sai a buɗe rumbu tun kafin damina, har irin shuka a auna a kai kasuwa. Ƙarshe a jinginar da gona. Duk wannan kafin a yi awon jini guda ɗaya, wanda ba ya ɗaukar rabin awa, wanda da an yi shi tun farko da akuyar tana nan.

Bayan dukiya akwai lokaci. Mai jinya ba ta suyar ƙosai da asuba, ba ta zuwa kasuwar ƙauye, gamanarta ciyawa ta cinye. Babbar ɗiya mace ita ake fara cirewa daga lakwal don ta yi daka da ɗebo ruwa da reno, wani lokaci a gaggauta yi mata aure don a rage baki. Ciwon mutum ɗaya ke nan ya taɓa uku.

Ƙasashen gabashi da kudancin Afirka sun ga ƙarshen wannan hanya a shekarun 1990. A Zimbabuwe da Botsuwana matsakaicin tsawon rai ya ragu da fiye da shekara goma. Malaman makaranta da ma'aikatan jinya sun yi ta mutuwa, gonaki sun kwanta, kakanni mata suka koma renon jikoki biyar, shida, ba mai kawo cefane. Zuwa yau fiye da mutum miliyan 40 cutar ta kashe a duniya, kuma yara wajen miliyan 14 ne ke raye da maraicin uwa ko uba ko duka biyu saboda ita. A Yuganda, a 1987, wata ma'aikaciyar lafiya mai suna Noerine Kaleeba, bayan mijinta ya rasu da cutar kuma ta ga yadda aka guje su, ta haɗu da wasu ƴan tsiraru suka kafa ƙungiyar TASO. Da ziyarar marasa lafiya a gida da zama ana jin damuwar juna suka fara, tun babu magani.

Magani ya zo, amma da jan aiki

A 1996 aka samo haɗin magungunan da ke danne ƙwayar cutar, waɗanda ake kira ARV. Kuɗinsu a lokacin ya haura dalar Amurka 10,000 a shekara ga mutum ɗaya (dalar Amurka fa, ba dalar kasuwarmu ba), wato miliyoyin sefa. Turawa suka tashi daga gadon asibiti, ƴan Afirka suka ci gaba da mutuwa. Sai da masu ɗauke da cutar da ƙungiyoyi suka yi ta gwagwarmaya. A 2001 wani kamfanin Indiya, Cipla, ya ce zai sayar da na shekara a kan dala 350. A 2002 aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da sida da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ne babban mai tallafa wa Nijar a wannan fanni. Yanzu maganin shekara guda bai kai dalar Amurka 50 ba, wajen jika talatin ke nan, kuma ba mara lafiya ke biya ba.

Ƙwaya ɗaya ce a rana, kullum, har ƙarshen rai. Ba ta fitar da cutar daga jiki, amma tana danne ta har awo ya kasa ganinta a jini, galibi cikin wata shida. Wadda ta kai wannan matsayi, in ta ci gaba da sha, tana noma, tana haihuwa, tana tsufa kamar kowa, kuma ba ta sa wa mijinta ta hanyar kwanciya. Haka shi ma namiji. Ga mai ciki kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba magani, cikin jarirai 100 ana iya samun 15 zuwa 45 da za su ɗauka daga uwa. In uwa na shan magani tun da ciki har yaye, ba su kai 5 ba. Kuma ana so ta ba da nono, zalla har wata shida, ba ruwa ba koko, sannan ta ci gaba tare da abinci.

Abu ɗaya maganin ba ya yafewa, shi ne tsallake. In ana sha ana bari, ƙwayar cutar tana sabawa da shi, ya daina aiki, a koma neman wani mai wuyar samu. Nan ne talauci ke shigowa.

Kuɗin da ba a rubuta a takardar likita ba

Mu yi lissafi, kowace ta sa farashin garinsu. A ce mace tana tuyar ƙuli-ƙuli da jarin jika goma sha biyar, ribarta a rana dala ɗari ko ɗari da hamsin. Wurin karɓar magani yana babban gari. Kabu-kabu zuwa bakin titi, mota zuwa gari, da dawowa, a ce jika uku. Ta ci wani abu a hanya. Ta rasa cinikin ranar, in ma ba ta kwana ba. Zuwa ɗaya ya cinye ribar mako guda. In watan ya zo daidai da lokacin da rumbu ya yi ƙasa, za ta zaɓa tsakanin tiyar hatsi da kuɗin mota, kuma mun san abin da uwa ke zaɓa.

Sau da yawa ma akwai wurin karɓa kusa, amma ba za ta je ba, don ƙanwar kishiyarta tana shara a can, ko maƙwabcinsu ne mai gadi. Sai ta tsallake likitar garinsu ta tafi mai nisa inda ba a san ta ba. Tsoron gori ke nan ya zama kuɗin mota.

Ga kuma abinci. Wadda ta fara magani, jikinta na farfaɗowa, yunwa na taso mata sosai. Wasu in ba su da abin da za su ci sai su ajiye ƙwayar, suna cewa ba a sha da wofin ciki. Ma'aikatan lafiya na cewa a sha ko da ba a ci ba, kada a tsallake. Amma jiki na son wake, gyaɗa, zogale, nono, ɗan ƙwai, kuma duka da kuɗi ake samunsu in ba a gida ake da su ba.

Mafi tsada duka shi ne baki. Ranar da aka fara raɗa cewa wance “tana da ciwon nan”, furarta ta kwana a ƙwarya. Mai kitso ta rasa kai, mai abinci ta rasa masu saye. Alhali ba a ɗaukar cutar ta cin abinci a kwano ɗaya, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko gaisawa, ko zama a tabarma ɗaya, ko cizon sauro. Hanyoyinta sanannu ne: kwanciya ba kariya, jini ta allura ko reza ko askar da aka yi wa wani aiki da ita ba a tsabtace ba, da kuma daga uwa zuwa jariri. Magana zarar bunu ce. Wadda ta fara ta a bakin rijiya ba ta san ta karya jarin wata ba.

Mace ke fara sani, ita ke shan zargi

A wajen awon ciki ake auna yawancin mata, maza kuwa ba su cika zuwa likita ba sai sun kwanta. Don haka sau tari matar ce ke fara jin sakamako, ta dawo gida da shi a ciki kamar garwashi. In ta faɗa, ana iya cewa ita ta kawo, ko da kuwa ba ta taɓa fita ƙofar gida ba. Wasu saki ke biyo baya, a kore su da goyo. In ta yi shiru, sai ta ɓoye kwalbar magani cikin tukunya ko ƙarƙashin katifa, ta sha a sace, maigida da abokiyar zama kuma ba a auna su ba.

Awo ba ya nuna wanda ya riga wani ɗauka. Kuma ana samun gidan da ɗaya na da ita ɗaya ba shi da ita, shekara da shekaru. Ungozoma ko ma'aikacin lafiya na iya kiran miji a yi musu bayani tare, a auna su tare, don kada nauyin faɗa ya zauna kan mace ita kaɗai. Ki nemi wannan taimako, ƴar uwa, haƙƙinki ne.

In kuma maigida ya rasu, ga takaba, wata huɗu da kwana goma sana'a ta tsaya. Rabon matar aure a gado in akwai ƴaƴa tumuni ne, kashi ɗaya cikin takwas, kuma kishiyoyi su raba shi tsakaninsu. Bayan jinyar da ta cinye dabbobi da hatsi, me ya rage? Wani wuri ma dangin miji su riƙe gonar marayu. Bazawarar da ba ta da abin yi za ta yi sabon aure da wuri don ta samu inda za ta ci, sau da yawa ba tare da awo ba. Shi ya sa awon jini kafin ɗaurin aure, na budurwa ne ko na zawarci, kariya ce ga kowa, ba tozarci ba.

Doka ma tana nan. Nijar ta yi dokar da ta shafi wannan cuta a 2007, ta sabunta ta a 2015. Ta hana tona asirin mai ɗauke da ita, ta hana nuna masa bambanci. Akwai kuma haɗin gwiwar ƙungiyoyin masu ɗauke da cutar na ƙasa, RENIP+, inda mace za ta tarar da waɗanda suka riga ta shiga wannan hali suna rayuwarsu.

Abin da ke hannun asusu

Tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka, har da waɗanda sida ta fi yi wa ɓarna. Akwatin nan mai kwaɗo uku da muka saba da shi ya riƙe gidajen zawarawa da marayu a wurare masu nisa. Bai kamata ya gaza a inda aka haife shi ba.

Na farko, kuɗin agaji. Ƙungiyoyi da yawa na da ɗan zubi na gefe don haihuwa da rasuwa da gobara. A sa kuɗin motar zuwa likita a ciki, ga duk mai doguwar jinya: hawan jini, ciwon suga, sikila, tarin fuka, sida. In dokar ta haɗa su duka, ba wadda za a gane ciwonta don ta karɓa. Kuma kada a ce sai ta faɗi sunan ciwon a gaban taro. Ta gaya wa mace ɗaya da ƙungiya ta amince da riƙon amanarta cewa tana da ranar likita, ya wadatar.

Na biyu, bashi. Wasu na cewa a ɓoye, “kada a ba wance, in ta mutu wa zai biya?” Mace mai shan maganinta daidai ba ta fi kowa kusa da kabari ba. Abin da zai sa ta kasa biya shi ne a hana ta jari, ta rasa kuɗin mota, ta daina magani. A auna ta da abin da ake auna kowa: zubinta da sana'arta da yadda ta saba biya. In jinya ta kayar da ita, a ɗaga mata lokaci, a yafe tarar makara, a bar ɗiyarta ko ƙanwarta ta kawo zubi ta riƙe mata wuri.

Na uku, dokar baki. Muna cin tarar wadda ta makara da wadda ta yi surutu ana ƙirga kuɗi. Me zai hana a sa tara mai nauyi kan wadda ta fitar da maganar ciwon ƴar ƙungiya waje? Kuma in ana raɗe-raɗin wata, shugaba ta sayi furarta ta sha a gaban mutane. Wannan ya fi dogon wa'azi.

Na huɗu, a rage yawan zuwa. Wadda jikinta ya daidaita tana iya tambayar ma'aikacin lafiya ko za a ba ta maganin wata uku a tafiya ɗaya. A lardin Tete na ƙasar Mozambik, tun 2008, masu shan magani suka riƙa haɗuwa su shida-shida, kowane wata mutum ɗaya ya je ya karɓo wa sauran, kamar dai yadda kwasar adashi ke zagayawa. Kuɗin mota ya ragu, kuma in ɗaya ya fara sanyi sauran sun gani da wuri. Inda mata biyu ko uku suka san halin juna, su tambayi likitarsu ko za a yarda musu da irin wannan.

Na biyar, a gayyato ungozoma ko ma'aikaciyar CSI ranar zubi, ta yi bayani, a yi mata tambayoyi. In za a yi awo, a tafi gaba ɗaya, shugaba a gaba, kowace ta shiga ita kaɗai ta ji nata. In mata talatin suka je tare, ba wadda za a ce don me ta je.

Sai marayu. Ranar rabo, kafin kowace ta ɗaure nata a bakin zane, a ware abin littafi da alƙalami na yaran ƴar ƙungiyar da ta rasu, ko a ba kakarsu akuya ta kiwo, in ta haihu a karɓi uwar a ba wata. Yaron da uwarsa ta rasu da doguwar jinya, ko yake yawan ciwo ba ya girma, a kai shi awo. Akwai maganin yara.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta zama ta gaggawa. Mafi yawan kuɗin maganin nan daga waje yake zuwa. A farkon 2025 gwamnatin Amurka, wadda ita ce ta fi kowa zuba kuɗi a yaƙi da sida a duniya, ta dakatar da tallafi mai yawa, kuma a ƙasashe da dama an rufe wuraren awo, an sallami masu bin marasa lafiya gida-gida. Sayen magani aikin gwamnati ne da masu tallafa mata, kuma ya kamata ƙungiyoyin mata su riƙa tambayar magajin gari da shugabannin lafiya in aka ce babu. Amma jika uku na mota, da tiyar wake, da rufin asiri, ba daga Yamai ko Amurka za su zo ba.

Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. A zaman zubi mai zuwa, bayan an ƙirga kuɗi kafin a rufe akwati, shugaba ta ɗaga tambaya ɗaya: in ɗayarmu na da ranar likita gobe ba ta da kuɗin mota, wa za ta gaya wa, kuma nawa za mu ba ta? A tsayar da amsa, a sa ta cikin dokokin ƙungiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa albarka a asusunmu.